Daga Muizenberg Zuwa Simon's Town: Wuni Guda Da Jakar Goyo A Bakin Teku

Idan ɗan bokon ƙasar nan ya je taro a wata ƙasa, hanyarsa sananniya ce: daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa zauren taro, daga zauren taro zuwa babban kanti, sa'an nan ya komo gida da akwatuna biyu a maimakon guda ɗayan da ya tafi da shi. In ka tambaye shi yadda ƙasar take, sai ya ba ka labarin tsabtar titi da farashin turare. Ban cire kaina daga wannan laifi ba, domin na yi irin wannan tafiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da ya sauya mini tsari a watan Nuwamban 2023 ba wata hikima ba ce, larura ce. Taron da ya kai ni birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya ƙare, jirgina sai bayan kwana biyu, guzuri kuma ya ja baya. Sai na tattara nawa-i-nawa na bar otal, na koma wani masauki mai rahusa a unguwar Observatory, inda mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya a kan gadaje masu hawa biyu, kamar ɗakin kwanan 'yan makarantar sakandare.

A nan na haɗu da mutanen da zan kira 'yan jakar goyo. Galibinsu matasa ne daga Jamus da Holan da Birazil, waɗanda suka tara 'yan kuɗaɗe, suka zuba duk abin da suke buƙata cikin jaka guda suka goya, suka fito ganin duniya na wata uku ko shida. Ba sa shiga motar yawon buɗe ido, ba sa cin abincin otal. Burodi da cuku da gorar ruwa sun ishe su, ƙafa ita ce abin hawansu. Da farko kallon marasa aikin yi na yi musu, irin kallon da duk wani magidanci mai iyali zai yi. Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai: yaron da ke kwana a gadon da ke samana ya shigo ƙasar da fasfonsa na Jamus ba tare da biza ba, ni kuwa ɗan Afirka, sai da na tara takardar gayyata da takardar banki da takardar wurin aiki kafin a buga mini hatimi. To, amma wannan ba laifin yaron ba ne. Shi ne ma ya shimfiɗa taswira a kan teburin kicin ya nuna mini hanyar da na bi washegari, ya kuma ara mini ƙaramar jakarsa.

Da sassafe na shiga jirgin ƙasa mai zuwa kudu. Cikin ƙasa da awa guda, bayan mun ratsa unguwanni masu itatuwa, sai kawai ƙasa ta ƙare, ruwa ya buɗe. Tashar Muizenberg, wadda aka gina da jan bulo a 1913, kusan a kan rairayi take. Wanda ya tashi a inda babban ruwansa shi ne madatsar Tiga ko kogin Kaduna, ganin farko da zai yi wa wannan wuri sai ya yi shiru. Mashigin tekun da ke gabana faɗinsa ya kai kimanin kilomita 30, tsaunuka sun kewaye shi hagu da dama. Sunansa False Bay, wato mashigin ƙarya, kuma sunan yana da dalili. Matuƙan jiragen ruwan da ke dawowa daga gabas a ƙarnonin baya sukan hango tsaunin Hangklip su ɗauka sun iso ƙarshen tsibirin Kef, sai su karya kwana, su tsinci kansu cikin wannan mashigi a maimakon wanda ke gaban birnin. Haka nan yawancin baƙi suna zuwa da imanin cewa a nan tekun Atlantika da na Indiya suke haɗuwa, alhali masana sun aje iyakar ne can gabas, a Cape Agulhas. Abin da ke gaskiya shi ne ruwan wannan ɓangare ya fi na yammacin birnin ɗumi, shi ya sa masu wanka suka fi yawa a nan.

Abin da ya fara jan hankalina ba masu hawan igiyar ruwa da allo ba ne, ko da yake suna da yawa, yara da manya, baƙaƙe da farare. Wata tuta ce baƙa da ke kaɗawa a kan sanda. Na tambaya, aka ce mini tutar masu gadin kifin shak ce. Tun 2004 ake aje mutane a kan tsaunin da ke bayan garin, kowa da madubin hangen nesa, aikinsu kawai su zuba wa ruwa ido. Koriyar tuta na nufin ana gani sosai kuma ba a ga komai ba. Baƙa na nufin ruwan ya gurɓace, ba a gani da kyau. Ja na nufin a yi hattara. Fara kuwa, tare da jiniya, na nufin an hango shi, kowa ya fito. Abin da ya burge ni shi ne asalin tsarin: ba daga ofishin gwamnati ya fito ba, masu hawan igiyar ruwa ne suka fara roƙon masu gadin motoci da masunta su riƙa duba musu, daga baya hukumar birni ta shigo da kuɗi. A wasu wurare na duniya, maganin da aka sani shi ne a shimfiɗa raga mai kashe duk abin da ya faɗa cikinta. A nan an zaɓi a biya mutum albashi ya zauna ya duba.

Sai dai wani abin mamaki, babban farin shak ɗin da aka kafa tsarin dominsa ya yi ƙaranci ƙwarai a mashigin tun daga wajen 2017. Masu bincike da dama suna ɗora alhakin a kan wasu manyan dabbobin teku guda biyu na jinsin oka, waɗanda aka laƙaba wa suna Port da Starboard, wato hagu da damar jirgi, saboda ƙayar bayan ɗaya ta karkata hagu, ta ɗayan dama. Sukan farke cikin shak su cinye hantar kawai su bar sauran. Wasu masanan kuma suna ganin kamun kifin da ya wuce kima, wanda ya rage wa shak ɗin abinci, yana da nasa hannun. Ko wanne ne, gaba da gabanta.

Daga nan na kama wata siririyar turba ta siminti da ke tsakanin layin dogo da duwatsun bakin ruwa, mai tsawon kimanin kilomita ɗaya da rabi zuwa St James. In teku ya ciko, igiyar ruwa takan tsallako ta jiƙa mai tafiya, kuma ta jiƙa ni har gwiwa. A wannan ɗan tsakani ne sojojin ruwan Ingila suka yi wa na kamfanin Holan ruwan wuta a watan Agustan 1795, abin da ya buɗe wa Turawan Ingila ƙofar mallakar Kef. A nan ne kuma, a hannun dama, wani ƙaramin gida yake, wanda in ba a faɗa maka ba ba za ka kula da shi ba. Cikinsa Cecil Rhodes ya mutu a watan Maris na 1902, mutumin da ya yi mafarkin shimfiɗa layin dogo daga Kef har Alƙahira, wanda aka sa wa ƙasashe biyu sunansa. Na tsaya na dubi gidan, ban shiga ba.

St James ƙaramin wuri ne mai 'yan ɗakunan katako masu launi-launi na sauya tufafi, da wani tafki da aka kewaye da katanga a cikin teku domin yara su yi wanka ba tare da igiya ta ja su ba. Sunan ya samo asali ne daga wata majami'ar Katolika da aka gina a 1858 domin masunta 'yan asalin Filifin da suka zauna a yankin. Da hukumar jirgin ƙasa ta buƙaci filin majami'ar, limaminta ya yarda ya tashi bisa sharaɗin a sa wa tashar sunanta. Wannan ne ya fara nuna mini cewa gaɓar nan, wadda a hotunan talla ake nuna ta kamar wani yanki na Turai, mutanen da suka rayar da ita daga wurare dabam-dabam suka fito, kuma yawancinsu ba da son ransu suka zo ba.

A nan na so in bar bakin ruwa in hau tsauni, amma an riga an gargaɗe ni a masauki cewa kada in kuskura in hau ni kaɗai. Gargaɗin ba na wasa ba ne: a farkon 2018 an tare wani ayarin masu hawa a kan wannan tsauni aka sassoke su da wuƙa, kuma ba shi ne kaɗai karon da aka yi fashi a turbobin ba. Na zauna a bakin titin Boyes Drive ina jira, har Allah Ya kawo wani ayari na mutum kamar goma, yawancinsu dattawa, maza da mata, wasu matan da ɗankwali a ƙarƙashin malafa. Na yi sallama, suka amsa da cikakkiyar sallama. Daga Mitchells Plain suke, kuma duk mako sukan fito. Shugabar tafiyar wata tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Anti. Ta dubi takalmina na zuwa ofis, ta girgiza kai, ta ce, "Boeta, ka bi bayana, inda na taka ka taka." Boeta a bakinsu yaya ne ko ɗan'uwa, kuma da shi ta kira ni har muka rabu.

Hawan ya ɗauke mu fiye da awa guda, ta cikin wani kwari da ake kira Echo Valley. Matakalar dutse ce da farko, sai turba cikin gajerun itatuwa masu ƙananan ganye masu tauri da suke kira fynbos, kalmar da ke nufin siririn daji. Ga ido, ba wani abin a zo a gani ba ne, sai ka rantse saura ce da aka bari ba noma. Amma a wannan ɗan tsibiri kaɗai akwai nau'in tsirrai sama da 2,000, da yawansu ba a samunsu ko'ina a duniya, kuma wasunsu ba sa tsirowa sai wuta ta bi ta kansu. Can sama kuma sai muka faɗa cikin wata 'yar kurmi mai sanyi, inda aka shimfiɗa katako domin kada ƙafa ta lalata saiwoyi. Ni da ban kai hamsin ba ina haki kamar wanda kura ta koro, Anti da ta ba sittin baya tana tafe tana hira. A nan na gane cewa zaman mota da kujerar ofis sun ci mu da yaƙi ba mu sani ba.

Da muka fito sarari a saman dutse, mashigin gaba ɗaya ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu. Na ɗauka za a yi ta ɗaukar hoto ne, sai Anti ta ɗaga sandarta ta fara nuna mini gaɓar daga hagu, wuri bayan wuri, kamar mai karanta allo. Ga Muizenberg, na farare ne a da. Can gaba ga Strandfontein, wanda aka ware wa waɗanda gwamnatin wariya ta kira masu ruwa biyu, wato irinsu. Gaba da shi ga Mnandi da Monwabisi, na baƙaƙe, kusa da Khayelitsha, garin da aka kafa a 1983. A harshen Xhosa, Mnandi na nufin mai daɗi, Monwabisi kuma mai faranta rai, amma Monwabisi ya yi ƙaurin suna wajen igiyar da ke jan mutum ta ƙarƙashi. Dokar raba wuraren jama'a ta 1953 ita ce ginshiƙin wannan rabo, kuma ta fito fili ta ce ba dole ba ne abin da aka ba wani jinsi ya yi daidai da na wani. Wuri mai lafiya da kusa da tashar jirgi na farare, mai haɗari da nisa na saura. "Muna yara," in ji ta, "mukan wuce ta nan a jirgi mu leƙa ta taga. Babanmu yakan ce mu daina kallo."

Can ƙurya, inda gaɓar ta lanƙwasa, akwai garin Strand. A ranar 19 ga Agustan 1989 Akbishop Desmond Tutu ya jagoranci jama'a zuwa wannan rairayi da taken cewa gaɓar Allah ta bayin Allah ce duka, 'yan sanda suka tare su da karnuka da bulala. Bayan wata uku Shugaba de Klerk ya ba da sanarwar buɗe bakin teku ga kowa, a 1990 kuma aka soke dokar. Mu da muka taso muna jin labarin yaƙi da wariya a rediyo, abin da muka riƙe shi ne Sharpeville da Soweto da kurkukun Mandela. Ban taɓa kawowa a raina cewa har taka rairayi da ƙafa sai da aka yi masa gwagwarmaya ba.

Kusa da Strand ɗin akwai wani wuri mai suna Macassar, kuma da jin sunan kunnena ya miƙe, domin Makassar gari ne a Indunusiya. A nan ne kamfanin Holan ya aje Shehu Yusuf, malami kuma jagoran yaƙi da suka kama suka koro, a 1694. A nan ya rasu a 1699, kabarinsa na nan ana ziyarta. Daga irinsa, da bayin da aka kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, al'ummar Musulmin Kef ta samo tushe. Wani malamin, wanda ake kira Tuan Guru, an kawo shi a 1780 aka tsare a tsibirin Robben, tsibirin da aka tsare Mandela daga baya, ya rubuta Alƙur'ani da ka, bayan sakinsa kuma ya zama limamin masallacin farko na ƙasar, Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794.

Abokan tafiyata suna magana da harshen Afirkans, harshen da ni a da na ɗauka na azzalumai ne kawai, tunda a kan tilasta shi ne aka harbe yaran Soweto a 1976. Amma da na kasa kunne sai na riƙa tsintar wasu kalmomi da ba su da alaƙa da Holan. In za su roƙi abu sai su ce kanala, in za su gode su ce tramakasi, azumi pwasa, Sallah kuma labarang. Duk daga harshen Malay suke. Har kalmar baie, wadda ke nufin da yawa, wadda kowane mai jin harshen ke furtawa kullum, daga can ta fito. Abin da ya fi wannan shi ne, tun kafin a amince da Afirkans a matsayin harshen hukuma a 1925, malaman Musulmi na Kef suna rubuta shi da haruffan Larabci a makarantunsu. Abubakar Effendi, malamin da Daular Usmaniyya ta turo musu, ya rubuta littafin fiƙihu mai suna Bayanud Din da wannan rubutu, aka buga shi a Istanbul a 1877. Wato dai ajami, irin wanda kakanninmu suka rubuta Hausa da Fulfulde da shi, kuma matsalar da suka fuskanta iri ɗaya ce: yadda za a sa haruffan da aka yi domin wasula uku su ɗauki harshe mai wasula da yawa. Da na faɗa wa Anti cewa mu ma muna da irinsa, har a kan takardar kuɗinmu, sai ta ce kakarta ta bar wani littafi irin wannan, amma yanzu a gidansu babu mai iya karanta shi. Ban ce komai ba, domin na san gidaje nawa ne a Kano da Zariya za su ba da amsa iri ɗaya.

Muka gangaro Kalk Bay da azahar. Kalk na nufin farar ƙasa, domin a nan ake ƙona ɓawon ƙumbar teku a samu abin shafe gidajen birni. Na yi salla a ɗan ƙaramin masallacin garin, inda na yi wani kuskure da ya ba ni dariya: da na shiga sai jikina ya nemi gabas, alhali alƙiblar Kef Tawun kusan arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Mu da a harshenmu "fuskantar gabas" ke nufin yin salla, sai mun yi nisa da gida muke gane cewa kalmar ta wurin zamanmu ce kawai. Rana ma a arewa take tsayawa da tsakar rana a can.

A kwatar masunta, jiragen katako masu fenti suna shigowa, ana jefo kifi kan siminti, dillalai na ciniki da ihu, mata na fere kifi da wuƙaƙe cikin saurin da ido ba ya bi. Wasu dabbobin teku masu fuska kamar ta kare, da ake kira sil, suna kwance a gefe suna jiran kayan ciki, ko gezau ba sa yi da mutane. Na sayi soyayyen kifin snoek da dankali a takarda, na zauna a kan katanga na ci. Kifi ne mai daɗi mai yawan ƙaya dogaye. A 1967 gwamnati ta ayyana Kalk Bay a matsayin yankin farare, amma masuntan da ke zaune a gidajen benen da aka gina musu suka yi tsayin daka, aka ba su wa'adin shekara 15, wa'adin ya zo ya wuce ba a iya tashinsu ba. Suna cikin 'yan ƙalilan da suka tsira. Yau kuma abin da doka ta kasa yi, kuɗi na neman yi: titin garin ya cika da shagunan kayan tarihi da gidajen shan gahawa, farashin gida ya fi ƙarfin ɗan masunci, samun izinin kamun kifi kuma ya zama abin kokawa.

A nan na rabu da ayarin Anti, na ci gaba da ƙafa zuwa Fish Hoek. Garin ba shi da wani armashi, sai dai takardar da aka ba da filinsa da ita a 1818 tana ɗauke da sharuɗɗan da suka ja hankalina: ba za a buɗe gidan giya ba, kamun kifi kuma da gaɓar kanta za su kasance a buɗe ga kowa. Sharaɗin farko ya yi ƙarko har garin ya shahara da rashin sayar da barasa, sai daga 1994 aka fara sassautawa. Na biyun kuwa, mun ga abin da aka yi da shi a zamanin wariya.

Ƙafafuna sun fara kumbura, don haka na shiga ƙaramar bas ta haya, mai yaron mota da ke leƙo kai yana kiran fasinja kamar a Bata ko Kasuwar Barci, zuwa Simon's Town. Garin sansanin sojan ruwa ne. Ingila ta riƙe shi har 1957. A tsohuwar maƙabartarsa akwai kaburburan Kuru, matuƙan jirgi daga gaɓar Laberiya da Saliyo waɗanda sojan ruwan Ingila ya riƙa ɗauka aiki tun ƙarni na 19, aka rubuta musu sunayen da Turawa suka laƙaba musu a maimakon na iyayensu. Mutanen yankinmu na Afirka ta Yamma ke nan, kwance a ƙarshen nahiya. Simon's Town bai yi sa'ar Kalk Bay ba. An kwashe baƙaƙen unguwar Luyolo zuwa Gugulethu a 1965, a 1967 aka ayyana garin na farare, aka loda iyalan da suka shekara ɗari da ɗoriya a wurin, Musulmi da Kirista, aka kai su wani fili a bayan tsauni. Sunan da aka sa wa sabon matsugunin shi ne Ocean View, wato mahangar teku. Masallacinsu na nan a garin har yau, masu salla ne suka yi nisa.

Ƙarshen tafiyata shi ne Boulders, inda tsuntsayen fengwin ke zaune a tsakanin manyan duwatsu. Tsuntsu ne da ba ya tashi, yana tafiya a tsaye yana rangaji kamar alhajin da ya sha babbar riga, kukansa kuma sak na jaki. A 1982 aka fara ganin ma'aurata biyu a wurin, suka yaɗu har suka zama abin da ke kawo baƙi daga ko'ina. Ana biyan kuɗin shiga, kuma baƙo daga nesa ya fi ɗan ƙasa biya. Ganin yawansu a nan yana iya ruɗar mutum. Jinsin gaba ɗaya ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙarni guda: da farko an kwashe ƙwansu an ci, an kankare kashin da suke haƙa gida a cikinsa an sayar a matsayin taki, yanzu kuma jiragen kamun kifi na rige-rige da su a kan ƙananan kifayen da suke ci. A watan Oktoban 2024 aka sa su cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, a watan Maris na 2025 kuma wata kotu a Pretoria ta tabbatar da yarjejeniyar hana kamun irin wannan kifi a kewayen manyan matsugunansu shida na tsawon shekara 10.

Ba na so mai karatu ya ɗauka komai ya daidaita a can. Wanda ke Khayelitsha har yanzu sai ya yi doguwar tafiya ya kashe kuɗin mota kafin ya iso rairayi mai lafiya, kuma a watan Disambar 2018 an yi babbar hayaniya bayan da masu gadi na wani kamfani suka nemi jama'a su tashi daga bakin tekun Clifton, unguwar attajirai. Amma hayaniyar ta yiwu ne domin akwai dokar da za a kafa hujja da ita: dokar kula da gaɓar teku ta 2008 ta ce gaɓar mallakar 'yan ƙasa ce baki ɗaya, gwamnati riƙon amana kawai take yi. Shi ya sa na yi tafiyar wuni guda a bakin ruwa, ban ci karo da katangar wani mai kuɗi da ta tare ni ba, ban kuma biya ko sisi ba sai a wurin tsuntsaye. Wanda ya san Legas kafin a fara cike teku domin gina Eko Atlantic zai tuna Bar Beach, inda ɗan dako da babban sakatare ke shan iska wuri ɗaya ranar Lahadi. Yau babu shi, kuma mafi yawan wuraren da suka rage sai ka biya a ƙofa. Mu ba a kafa mana allon da ya ce wane ba zai shiga ba, amma ban ga wanda ya fito ya tambayi dalilin da ya sa aka sayar da abin da yake na kowa ba.

Na dawo Fish Hoek da la'asar sakaliya, iskar kudu maso gabas da suke kira Likitan Kef ta taso tana watsa rairayi a fuska. Jirgin komawa ya cika da ma'aikatan gidaje da na gidajen abinci da suka tashi daga aiki, da 'yan makaranta, da wasu yara uku da suka jiƙe sharkaf suna rawar ɗari, babarsu na goge musu kai da tawul ɗaya. Da muka wuce St James, tutar da ke kan sanda ta koma koriya. Na isa masauki bayan magariba, na mayar wa Bajamushen jakarsa, na zazzage rairayin da ke cikin takalmina a bakin ƙofa. Takalmin dai bai sake zuwa ofis ba.